Taɓon Tabkin Maijirgi

Cha'ibu mai amalanke, mutumin Maijirgi, jaki ne ya koya mashi iyo. Wata damina dabbar ta zame ta faɗa tabkin bayan gari, shi ko ya ƙi sakin wutsiya, suka fita can ƙetare tare. Tun daga ranar har furfura ta fara leƙo mashi a gemu, in tabki ya cika to ka san inda za ka same shi. Ruwan nan ja ne kamar kunun dawa, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Cha'ibu kan ƙetare ya dawo matarsa Talatu ba ta gama dama fura ba.

Bara aka shirya gasar iyo ta manya a Maradi, a fisin ɗin wani otel, wato kududdufin siminti mai ruwa garai-garai. Mutanen gari suka raka shi tasha da kirari. Ya hau bakin ruwa, ya duba, sai ya hango har gindin abin, can ƙasa, kamar rijiyar da aka yashe. Shi da bai taɓa ganin zurfin da yake bi ta kansa ba! Ya ja da baya. Aka busa usur, kowa ya faɗa, aka bar Cha'ibu tsaye a bushe da gajeren wando.

Zubairu mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, ya laƙaba mashi suna Busasshe, har mata a bakin rijiya suka ɗauka.

"Busasshe, a cika maka kofin, ko in ka hango gindinsa suma za ka yi?"

"Cika, ɗan nema. Shayinka ko kwaɗo ya shiga sai ya yi lalube."

Cha'ibu na dariya, amma sunan na ci mashi rai. Bana da aka sake kiran gasar ya ce da shi za a yi, ya kuma san in ya sake tsayawa a bushe, da wannan suna jikokinsa za su san shi.

Safiyar tafiya ya yi ta safa da marwa da buta, ya ture furarsa gefe. Talatu ta dube shi, ta yafa gyale ta fita, ta dawo da gwangwanin tumatir cike da taɓon tabki.

"Maigida, kai ba ruwa kake tsoro ba, tsabta ce ba ka saba da ita ba. Ungo."

A Maradi aka ba shi tabarau na ruwa. Ya buɗe gwangwani. Warin taɓon ya doki hancinsa, warin damina da sawun shanu, sai ya ji numfashinsa ya sauka har ciki. Ya lakata ya shafe gilasan.

"Baba, magani ne?" in ji alƙalin gasar, yana yamutsa fuska.

"Ƙasar garinmu ce, yallaɓai."

Ya ɗaura, ya duba. Gindin fisin ya ɓace, ruwa ya koma ja kamar na gida. Ana busa usur ya ce bismillah ya faɗa.

Bai zo na ɗaya ba. Wasu sojojin kashe gobara biyu sun riga shi, kuma ya sha karo da bango, don tabkin Maijirgi ba ya da bango. Ya dai fito jiƙe sharkaf, da ƙulu a goshi, haƙora waje.

Washegari ya ɗaure jaki gaban teburin Zubairu, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"To, Bus…" Zubairu ya kalli ƙulun, ya sosa ƙeya. "Cha'ibu, da madara ko baƙi?"

"Da madara. Ka kuma wanke kofin."