Injiniya Sale da Layin Unguwar Majema

Ina tsaye a tashar bas ta Stratford Road, na fito daga wurin likita, Bilkisu 'yar Injiniya Sale ta kira ni daga Manchester. Ta ce, "Baba Isa, Daddy ya rasu da safen nan." Bas ta zo ta wuce, ban shiga ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da Injiniya Sale muka yi firamare a garinmu. Tun da matata ta rasu, ƙaramar hukuma kuma ta rufe zauren da mu tsofaffi muke zama mu sha ɗumi, shi kaɗai ke kirana duk Lahadi. Yakan ce, "Isa, ka kunna hita ko kana nan kana rowa?"

Shi ne shugaban ƙungiyar wutar lantarkin garinmu, wadda mutanen gida da mu na waje muka haɗu muka kafa. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, hakimi ne ko mai sayar da ƙosai. Mukan yi taro a bayan wani gidan abinci a unguwar Sparkhill, a ajiye waya a kan tebur don 'yan kwamitin gida su ji. Da sandarsa yake zuwa daga Manchester, bai taɓa fashi ba.

Da farkon daminar bana guguwa ta kwantar da falwayoyin garin, tun daga transfoma har Unguwar Majema, can ƙetaren rafi inda layi ya ƙare. A nan yayata Hansatu take, ta tsufa, idonta ya yi rauni. In babu wuta, injin rijiyar unguwar ba ya tashi, sai a sha ruwan rafin da ake wanke fata.

A taron gyara, Alhaji Nasiru, ma'ajinmu, ya ce, "Injiniya, don Allah mu yi abin hankali. A fara da kasuwa da gidan hakimi. Majema gida nawa ne?"

Marigayi ya ce, "Daga ƙarshen layi za a fara. Kuma ba wanda za a kunna wa sai an haɗa kowa."

"To hakimi ya zauna a duhu ke nan?"

"Ya zauna. Muddin yana cikin duhu, kullum zai aiko a tambayi ina aka kwana. Ranar da fankarsa ta juya, Majema sun shiga uku."

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, ya yi nasara da ƙyar. Daga nan bai huta ba. An zage shi a waya, an je har gidan ƙaninsa an yi masa rashin kunya. Yana gadon asibiti ma tambayarsa ita ce, "An ƙetare rafin?" Ba a ƙetare ba. Falwayoyin Majema na tsaye da wayarsu, saura a ɗaure su da na gari.

A zaman makoki na ji ana ƙus-ƙus cewa an janye ma'aikata zuwa kasuwa. Ban yarda ba. Shekaranjiya Yaya Hansatu ta sa aka kira mata ni a waya, muryarta cike da murna. Ta ce, "Isa, an ce wuta ta dawo! Yara suna hango hasken kasuwa daga ƙofar gida. Mu ma gobe ko jibi, ko?"

 Sai na tambaye ta jiki.

Ran Asabar za a zaɓi sabon shugaba. Zan je in Allah Ya ba ni iko, ko da yake muryata ba ta kai ƙarshen tebur yanzu. Ku da kuka ɗaga hannu tare da shi, ina roƙonku ku zo.

Allah Ya jiƙan Injiniya Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya Rabi da Bilkisu da ƙannenta haƙurin wannan rashi. Mutanen ƙetaren rafi kuma, Allah Ya sa a tuna da su kafin hadari ya sake haɗowa. Amin.