Ranar da Ɗana Ya Zama Ƙanena

A garinmu babu filin ƙwallo, don babu ƙasar da ake bari a banza. Gona ce jingine da gona har bakin titin Ɗanbatta. Sai an girbe dawa mu tuge tushiyoyi, mu baje kunyoyi da fartanya, mu kafa sanduna. Ruwan farko na sauka mai gona zai karɓi abinsa. A irin wannan fili na koyi tsaron baya. Ba na zura ƙwallo a raga, amma ba a wuce ni.

A wani wasan kofi na ƙauyuka wani koci daga Kano ya gan ni. Da aka tashi ya kira ni gefe, ya ce yara suke nema, waɗanda ba su kai ashirin ba, marasa iyali. Sannan ya tambayi shekaruna. Nan take na zabge masu yawa. Ya ce da aure? Na ce babu. Alhali ina da mata, da ɗa namiji da ya isa a aike shi sayen gishiri.

Kocin ya zo gidanmu neman iznin mahaifina. Muna zaune a zaure, ni da shi da mahaifina da ƙanena, sai ga yaron a guje da guntun rake a hannu. Ya faɗa jikina yana cewa, "Baba, ɓare mini!"

Koci ya dube ni. "Wannan fa?"

Na yi dariya. "Autanmu ne, Koci. Duk wanda ya gani Baba yake ce masa, har akuyar gidan nan."

Koci ya yi dariya shi ma. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ƙanena ya miƙe, ya ɗauki yaron, ya fita da shi yana ɓare masa raken.

Da baƙon ya tafi na ja yaron bayan rumbu, don na san mutanen kulob za su sake zuwa. Na murɗe masa kunne na ce, "Daga yau Yaya za ka riƙa ce mini. Faɗi in ji." Yana kuka yana cewa Baba, ina ƙara murɗewa, har ya faɗa. Uwarsa tana daka a tsakar gida. Na ji taɓaryar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Allah Ya yafe mini, a ranar gani nake dabara na yi.

Na buga a Kano, daga nan aka sayar da ni wani kulob a kudu, daga can wani. Kullum da safe ina aske gemu kafin abokan ɗakina su tashi. Wata kakar in buga, wata in ɗumama benci. Kowane dillalin 'yan wasa da na haɗu da shi sai ya ce baɗi Turai. Ban taɓa tsallaka ko Nijar ba. In na zo gida hutu da abokan wasa, yaron ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya," ni kuma in ji daɗi bai manta ba.

Gwiwa ce ta tona ni. Likitan kulob ya ɗaga hoton ƙashin ya ce, "Wannan gwiwar ta girmi mai ita." Aka yi dariya, aka sallame ni.

Na dawo na tarar ƙanena ne ya kai yaron makaranta, shi ya yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, shi ya koya masa riƙon garma. Shi yake kira Baba. Babu wanda abin ya dama, don a wajenmu 'ya'yan fari da yawa Yaya suke ce wa ubansu. Mu 'yan gida ne kaɗai muka san daga ina nawa Yayan ya fito.

Daminar bara muna noman gyaɗa ni da yaron. Ya zama saurayi, har da gemunsa, ana maganar aurensa. Gwiwata ta hana ni sunkuyo, na zauna a kan iyakar gona. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Kai, zo mana."

Ya zo ya tsuguna.

"Wannan Yayan ya isa haka. Ni ne ubanka. Ka kira ni da abin da kake kira na da."

Ya kankare ƙasar fartanyarsa da ɗan yatsa. "Kocin ba zai sake dawowa ba ke nan?"

Babu raini a muryarsa, shi ya fi ƙona ni. Na ce, "Na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni, Yaya. Bakin ne ya saba."

Sai ga ƙanena ya ɓullo ta hanyar gari da ƙwaryar fura a hannu. Yaron ya miƙe da sauri ya tare shi.

"Kawo, Baba, kar ta zube."

Aka ajiye ƙwaryar a gabana, don ni ne babba, aka miƙo mini ludayi.