Tarkon Mati na Sha Uku

A Tudun Gawo, wani ƙauye gabas da Kunci, in ka ce kana neman Mati za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mati mai tarko ko kazar gari ta san gidan. Gajere ne, mai ƙaramar murya, gonarsa kuwa kafin ku gama gaisawa kun zagaye ta. Noma dai yana yi kamar kowa, amma ban taɓa jin wanda ya yabe shi a kai ba. Inda Allah ya yi masa baiwa shi ne hannu. Ka miƙa masa tsohuwar wayar burkin keke, kafin ka sha ruwa ya murɗe ta ta zama zarge. Wanda kurege ya dama a gonar gyaɗa, da wanda gafiya ta huda wa rumbu, duk ƙofarsa suke zuwa. Naman nasa ne, in kaka ta yi kuma a aiko masa da ɗan dami.

Abin alfaharinsa ɗaya ne, iya ɓoye tarko. Yakan ce, "In har ni na hango shi, to zomo ya riga ni." Saboda haka shi kansa ba da ido yake gane wurin ba. Gambar da ke kan iyakar gonaki yake kamawa ya ƙulle kanta, daga ƙullin ya yi taku bakwai, nan tarkon yake.

A ƙasarmu gona na manne da gona, babu dajin kiwo. Da ruwan shuka ya sauka kowa zai ɗaure dabbarsa a turke, ba za a kwance ba sai an kwashe amfani mai unguwa ya sa an yi shela. Kafin ranar shelar Mati yake bin ƙullinsa ɗaya bayan ɗaya ya kwashe tarkunansa. Shekara ashirin yana haka, ko ɗan tsakon wani bai taɓa kamawa ba.

Sai aka yi farin nan na bayan yaƙin basasa. Gero na shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke, ya ƙi dawowa. Kafin kaka gidaje da yawa sun cinye har irin shuka, gidan Mati na ciki. Abin da ya rage musu akuya ce guda, Kyalla, ta matarsa Rahmatu, kuma tana da ciki. A kanta duk shirinsu ya rataya: in ta haihu a kai 'ya'yan kasuwar Kunci a musanya da iri. In babu ita, babu abin da za su jefa a ƙasa baɗi.

A shekarar Mati ya ɗana tarko goma sha uku, don nama ya zama tuwo. Na ƙarshen ya bambanta da sauran. Ya ga sawun gada, wadda ƙishi ya koro daga nesa, sai ya ninka waya biyu, ya buɗa zargen da faɗi, ya cusa shi ƙarƙashin wata sabara a yammacin gari. Aiki ne mai kyau, ni ma na ce mai kyau ne.

Abin da bai zo masa a rai ba shi ne yunwa za ta kai ga gamba. Mutane suka faɗa mata da lauje, wasu don dabbobinsu, wasu don su saƙa zana su sayar. Cikin kwana biyu aka aske iyakokin gonaki tas, ƙullin Mati ya tafi cikin damin wani. Sha biyu ya lalubo da tunani. Na sha uku ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Ya tafi wurin mai unguwa Abdussalam, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ɗan jinkirta shela. Akwai tarkona guda da ban gani ba."

"Mati, dabbobin mutane igiyarsu suke ci. Me zan ce musu?"

"Ko mako guda, ranka ya daɗe."

"Kwana uku na ba ka. Fiye da haka ba a hannuna yake ba."

Kwana ukun nan da rarrafe ya yi su. Sabara kuwa a yammacin garin ta fi a ƙirga, kuma kowacce kamar 'yar'uwarta. Ya leƙa, ya zura sanda, ƙaya ta yayyage masa hannu. Masu wucewa suna masa tsiya, wai gwani ya ɓoye wa kansa. Yana murmushin yaƙe, ya ci gaba da nema.

Aka yi shela, dabbobi suka bazu. Mati ya hana a kwance Kyalla. Ya wuni yana bin awakin mutane yana kora su daga sabara kamar zararre. A gida kuwa babu dusa, babu harawa, Kyalla na ta kuka har muryarta ta dushe. Rana ta biyar Rahmatu ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ɗaurin nan ma kisa ne. Dubi haƙarƙarinta."

Ya duba. Da hannunsa ya kwance ta, ya ja ta can gabashin gari inda ya tabbata bai taɓa ɗana komai ba, ya sake ta, ya koma yamma neman tarkonsa. Ya manta akuya gonar gidansu take nema, gonar kuwa a yamma take.

Da la'asar ya same ta, a gindin wata sabara da ya zura wa sanda sau biyu. Ta cusa kai don ta kai ga ɗanyen ganye, zargen ya shaƙe ta. Jikinta da sauran ɗumi. Ya zaro wuƙarsa, ya duba gabas da yamma, babu kowa. In ya yanka ya ce ya riske ta da rai, wa zai ƙaryata shi? Ko ba komai a ci nama kwana biyu. Ya taɓa idonta, bai ƙifta ba. Ya ja wutsiyarta, ya kira sunanta, ya jira. Mushe ce, kuma ya sani. Ya daɗe a tsugune kafin ya mayar da wuƙar kube. Da ya zo kwance wayar sai da ya sha wuya, don ƙullin bai saki ko kaɗan ba.

Ya shiga gida da waya a hannu. Rahmatu ta dubi wayar. Ta je turke ta kwance igiyar, ta naɗe, ta shiga da ita ɗaki.

Damina ta gaba an yi ruwa daidai gwargwado. Mati ya yi ta a gonakin mutane yana ƙodago, tasa kuma ciyawa ta samu wuri.

Bai bar sana'ar ba, don ba shi da wata. Har ya tsufa ana kiransa in kurege ya yi ɓarna. Sai dai tun daga shekarar, duk tarkon da ya ɗana sai ya kafa kara a kansa ya ɗaura farin tsumma, wanda ko daga kan hanya za ka hango. Aka yi ta gaya masa, "Baba Mati, ai ba ya kama komai." Yakan ce ya sani, ya ƙara ɗaure tsumman.