Ya Falmata, Mai Korar 'Yan Rakiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha biyar ga watan Oktoba na shekarar 2024, da hantsi, ina zaune a ɗakin surukata ina tsince shinkafar da ba a yarda in dafa ba, sai wata maƙwabciya ta yi sallama. Ko zama ba ta yi ba ta ce Ya Falmata ta Kara-Kara ta rasu, sajifam ɗin nan da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a matanite, asibitin haihuwa. Tansiyo ne, wato hawan jini, in ji ta. Ta idar da sallar asuba, ta ce kanta na sara mata, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Na miƙe ina lalubar mayafi har tiren shinkafa ya kife. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce, "Ina za ki? Koma ki zauna. Mai ciki ba ta shiga gidan gawa, balle mai irin naki cikin." Na koma na zauna. Ita ta ɗauki nata mayafin ta tafi.

Ya Falmata, an yi miki sutura ban zo ba. An yi sadakar uku ban zo ba, ta bakwai ma haka. Tunda ƙafata ba ta kai ƙofarki ba, bari takarda ta kai. 'Yarki Amina zan bai wa, ta yi yadda ta so da ita. Na san akwai waɗanda in sun karanta za su riƙe haɓa su ce, 'yar gidan wa ce wannan marar kunya? Su riƙe da kyau. Ke kika gaya mini kunyar da ke hana mace tambaya a gaban likita ta kai mata da yawa kushewa.

Kowa a Damagaram ya san yadda mace ke zuwa asibiti. Ba ta zuwa ita kaɗai, sai da 'yar rakiya: suruka, ko yayar miji, ko wata goggo da aka ɗauko don ta san duniya. 'Yar rakiya ce ke zama a kujera, marar lafiya ta rakuɓe a bakin gado. A tambayi mace ina ke mata ciwo, 'yar rakiya ta amsa. Haka za a rubuta magani a fito, abin da ya kawo baiwar Allah yana nan cikinta ba ta faɗa ba. Ke ce kika ƙi yarda da wannan. Ba ki taɓa ce wa babba fita ba, kin fi haka ladabi. Aike kike nemo masa. Wata ki tura ta ɗebo ruwan zafi, wata ki ce ta je ta kira miki wadda ba ta zo aiki ba. Har gobe ana ba da labarin dattijon nan na Dakusa da ya rako matar ɗansa, ya kafe ya ce sai ya ji komai da kunnensa. Kika roƙe shi ya je ya tsare miki babur ɗinki a gindin dalbejiya kada awaki su cinye kujerar. Bawan Allah ya yi ta gadin babur ɗin wani har azahar, ke kuwa ko keke ba ki iya tuƙawa ba.

Ni ma haka kika yi mini ranar da na fara zuwa. A lokacin ƙannena da aka aurar a bayana har sun yaye na biyu, ni ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Hajiya ce ta rako ni, kun kuwa san juna, don ke kika karɓi haihuwar autanta. Kika kira ta da sunanta kika ce, "Indo, taimake ni ki leƙa farmasi ki ji ko auduga ta zo." Auduga kuwa ga ta tuli a kan tebur bayanki, ina kallonta. Hajiya na fita kika tura ƙofa, kika jawo kujera har gwiwarki na taɓa tawa, kika ce, "To, Sa'adatu, yanzu faɗa mini abin da ya kawo ki." Wallahi kuka ne ya fara fitowa kafin magana. Hajiya ta dawo tana huci, 'yan farmasi sun ce ba su san zancen ba. Tun daga ranar ta sa miki suna mai aiken manya, kuma ba ta faɗinsa da dariya.

Ke kika haɗa ni da lokotoro, likitan mata, aka sa ni kan magani, ƙwayoyi da allurai da hoton ciki, eko ɗin nan da ba ya ƙarewa. Wanda bai shiga neman haihuwa ba bai san yadda yake cinye aure ba. Lokotoro ne ke yanke ranakun da za mu kusanci juna. Maigidana yana fatauci tsakanin nan da Kano, sai ya baro kayansa a hannun mutane ya taho a guje don kada ranar ta wuce, ya iso a gajiye, ni kuma ina jiransa da fargaba. Abin da Allah Ya halatta don jin daɗi ya koma mana kamar zuwa gona. Kika dube mu wata rana a barandar asibiti, kowa ya haɗe rai, kika ce, "Muntari, jarrabawa za ku zauna ne? Ku riƙa dariya mana, ɗa ba ya son gidan da ake tsuke fuska." Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kuma ba wasa kaɗai kika iya ba. Watan da allurai suka kumbura mini mara har ina tafiya a duƙe, ke kika ce mu dakata sam sai eko ya nuna kumburin ya sauka. Kina faɗin inda ake tsayawa, kina kuma faɗin inda tsayawar ta ƙare. Wannan na biyun ne na rasa mai faɗa mini da kika aje aiki.

Allah Ya ba mu ciki na farko, Ya kuma karɓi abinSa tun bai kai wata uku ba. Maigidana ya dawo daga Kano ke nan a satin. Shi da kansa ya haɗa lissafinsa ya yanke wa kansa hukunci: shi ne ya jawo. Bai faɗa mini ba, ga mahaifiyarsa ya je ya yi kukansa. Na zo miki da zancen, kika ce, "Ki saurare ni da kyau. Yawancin cikin da ke zubewa da wuri, tun farko bai zauna daidai ba. Ba miji ba ne, ba daka ba ne, ba ɗaukar tulu ba ne. Ciki mai lafiya, kwanciyar aure ba ta taɓa shi. In akwai jini, ko ciwo, ko likita ya ga wani abu ya hana, nan ne ake dakatawa." Na riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe sura. Amma wa zan karanta wa? In mace ta buɗe baki ta ce wa mijinta ba laifinka ba ne, kusantata ba ta da illa, me za a ce da ita? Za a ce ta fi son kanta da ɗanta. Na haɗiye.

Da wannan cikin na biyu ya samu, kin riga kin aje aiki. A zuwan farko na ga ɗan jini. Lokotoro yaro ne, sa'an maigidana, ga Hajiya zaune a kujera ta kafa masa ido. Ya yi ƙasa da murya ya ce in gaya wa maigida mu dakata tukuna, sai ya sake dubawa. Hajiya ta ji. A ranar aka naɗe shimfiɗata aka kai ɗakinta. Aka ce in bar koyarwa, na bari. Ba na girki, ba na shara, ba na hawa kabu-kabu, ko ƙofar gida ba na leƙawa sai ranar randebu, ranar komawa asibiti. Jinin ya daɗe da tsayawa. Eko ya nuna zuciyar ɗa na bugawa. Na shiga wata na huɗu. Amma duk zuwa Hajiya na kan kujera, shi lokotoro yana jin nauyinta, ni ina jin nauyinsu su biyu, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Kada a ce na zagi Hajiya, Allah Ya kiyaye. Matar nan ta binne 'ya'ya da hannunta kafin nata su tsaya. Ita ke dafa mini, ita ke wanke mini zane, tsohuwa da ita. In na yi tari sai ta tashi zaune. Da ƙiyayya ce ta tsare ni, da na san yadda zan yi faɗa. To ƙauna ce. Ina zaune kamar kazar da aka kife da kwando don kada shaho ya ɗauka, ana turo mini tsaba ta ƙasa, kuma dole in ce na gode.

Abin da ke cin raina ya wuce shimfiɗa, Ya Falmata, ke kin sani. Mijina tsorona yake ji. Daga bakin ƙofa yake gaishe ni kamar baƙo, ba ya zama kan tabarmata. In na miƙa masa kofin ruwa sai ya ce in aje a ƙasa ya ɗauka. Tafiyar Kano da yake yi a 'yan kwanaki ta koma ta makonni, don ya ga nisansa da ni shi ne lafiyar ɗansa. Mutumin da ke ba ni dariya har in riƙe ciki, yanzu kallon kansa yake a matsayin wanda ya kashe ɗa. Na ji tsoro ƙwarai kada yaron da muka sha wuya a kansa ya zo ya tarar da iyayensa ba su san yadda ake zama wuri ɗaya ba.

Juma'ar da ta gabaci rasuwarki kika zo duba ni, kina jan ƙafa, da ƙullin dabino a hannu. Kuma sai da kika yi halinki, a ɗakin Hajiya, a gidan Hajiya! Kika ce, "Indo, haka ake karɓar baƙo a gidan nan? Fura nake so, kuma ki dama da hannunki." Ta fita tana ƙunƙuni. Kika tambaye ni jini, na ce babu. Ciwo, na ce babu. Kika ce, "To me kike yi a ɗakin tsohuwa?" Na fashe da kuka. Kika ce ke yanzu ba ke ke duba ni ba, ba za ki yanke abin da yake na lokotoro ba, kuma Muntari ba zai yarda ba sai ya ji daga bakinsa. Amma randebu mai zuwa za ki zo, ki fitar mini da Indo, ni kuma in jawo Muntari ciki. Kika ce, "Ki bar ni da ita, har yanzu ina da sauran aike." Kwana nawa ne tsakani? Allah Ya riga mu.

Da na ji rasuwarki, na yi miki kuka, na kuma yi wa kaina. Ƙofa ɗaya gare ni, ita ce aka rufe.

Hajiya ta yi kwanakin zaman makoki a gidanki. Kullum ta dawo sai ta zauna ta yi tagumi. Daga baya maƙwabciyar nan ta ce mini mata sun cika gidan, daga Zermu, daga Dakusa, daga cikin Birni, kuma kusan kowace da labarin abin da ta faɗa miki bayan kin tura ƙofa. Wata ciwon da ta ɓoye shekaru, wata dukan da ake mata. Hajiya na zaune a cikinsu tana ji.

Ranar randebu muka tafi mu uku. Maigidana ya zauna kan benci a waje kamar yadda ya saba. Hajiya ta hau kujerarta. Lokotoro ya duba, ya ce komai lafiya, sannan ya ce ko akwai tambaya. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na kalli ƙofa, na san ba mai shigowa. Na fara gyara mayafi in tashi. Sai na ji kujera ta motsa. Hajiya ta miƙe, ba ta dube ni ba, ta ce, "Falmata ta taɓa aikena neman auduga, har ta koma ga Allah ban kawo mata ba. Bari in je in gani ko ta zo." A bakin ƙofa na ji ta ce wa ɗanta, "Tashi ka shiga." Ta jawo mana ƙofar da hannunta.

Kaina a ƙasa na yi tambayar. Lokotoro ya ce a yadda ya ga cikin nan ba abin da ya hana, in dai ba jini ko ciwo ya dawo ba, kuma da ya so faɗa tun tuni. Sai maigidana ya ce, "Na farkon fa? Ni ne?" Lokotoro ya ce ba shi ba ne, ya maimaita masa maganarki kusan kalma da kalma. Ban taɓa ganin namiji ya rufe fuska da hula yana kuka ba sai ranar.

Ba zan yi miki ƙarya ba, shimfiɗata tana ɗakin Hajiya har yanzu. Ba ta ce in ɗauka ba, ni ma ban iya cewa zan ɗauka ba. Amma jiya na miƙa masa ruwa, ya karɓa daga hannuna, ya zauna kan tabarmata ya sha.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Bukar da 'yarki Amina, da jikokinki, da mutanen Kara-Kara da kika zauna a cikinsu ba ki ƙyamaci kowa ba, da duk macen da ta taɓa samun bakin magana a ɗakinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah, ga baiwarKa Falmata ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yafe mata 'yan dabarun aikenta, Kai ne Ka fi kowa sanin abin da ta nufa da su. Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi. A ranar da kowa zai shiga shi kaɗai ba ɗan rakiya, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka daidaita harshenta kan amsa, kamar yadda ta kwance namu. Amin.

Sa'adatu, unguwar Zango, Zinder.