Jirgin jarka takwas

Ba kwalekwale ba ne, kada wani ya ce na cika baki. Jarkokin mai ne guda takwas muka jera huɗu-huɗu, muka shimfiɗa katako uku a kai, muka ɗaure da robar taya. Ni da abokina muka haɗa shi a zauren gidanmu a Matameye, shekarar da na yi aure. Shi ya iya ɗauri, ni na iya toshe murfi: in naɗa leda a bakin jarka, in murɗa har tafin hannuna ya yi ja. Tare aka kore mu daga lakwal, wato makarantar boko, amma wannan aiki babu wanda ya koya mana.

Aibin jirgin ɗaya, ba ya ɗaukar mutum guda. Sai biyu, kowa a ƙarshensa, kuma nauyinsu ya zo daidai. Mu kuwa a lokacin rigata tana shigarsa, tasa tana shigata.

In an gama girbi, kafin ya tafi cirani Kano, sai mu ɗora shi a amalanke mu nufi tafkin da ke hanyar Kurni. Fatsa biyu, gora ɗaya ta tuƙi, rake na sha. Tarwaɗa ba ta cika kula mu ba, mu ma ba don ita muka je ba. In na sunkuya ɗiban ruwa, shi ya riga ya karkata baya, ba sai na ce komai ba. Haka muke wuni tsakiyar ruwa, masu lambu suna mana ihu daga gaɓa wai mahaukata.

Wata shekara ya tafi, damina ta zo bai dawo ba. Ya sami shago. Na gwada hawa da ƙanen matata, ya yi ta motsi kamar mai ƙaiƙayi har ya kifar da mu. Sai na koma ɗaure buhun yashi a gurbinsa. Yana aiki, amma yashi ba ya karkata in ka sunkuya, ba ya kuma tsokanar kowa.

Bara abokin nawa ya zo gari, ya zama Alhaji. Na je gaisuwa, na tarar da mutane cike da zaure, na jira har suka ragu.

Na ce, "Alhaji, jirgi yana nan."

Ya ce, "Wane jirgi? Kai! Tarkacen nan? Har yanzu ba ka girma ba?"

Na ce, "Kai ai ka girma, ga shi nan a gabanka," na nuna tumbinsa.

Ya yi dariya har da tari. Washegari ya biyo ni tafki a mota. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya zauna a ƙarshensa. Nan take ɓangarensa ya nutse, ni na tashi sama ƙafafuna suna lilo. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya yi ta salati yana zagina, ni ma ina ramawa. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

Da muka fito yana matse wando ya ce, "Ƙara jarka huɗu a gefena. Baɗi war haka ina nan, in Allah ya yarda."

Na ƙara. Na kwance ɗaurin da ya yi da hannunsa tun farko, na sake nawa, na sauya katako mai faɗi don ya zauna da kyau. Yanzu gefen nan ya fi ƙarfin buhu ɗaya, biyu kuma ba sa zama a kan katakon, zamewa suke. Ni kaɗai ba ni da halin hawa.

An gama girbi tun tuni. Na kira shi sau biyu, ya ce kasuwa ta riƙe shi. Jiya na je na duba tafkin, ruwan ya ja baya har an fara shuka kabeji a inda muke tura jirgin.