Wutar da aka ɗure a akwati

A gidanmu na Stains, kusa da Paris, a hawa na shida, babu murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki a jikin bango. Nan kakata Hajiya Rabi, mutuniyar Damagaram, take jingina bayanta bayan sallar magariba, ni da ƙanwata Zuwaira mu zauna a gabanta.

"Ga ta nan tafe," ta ce, mu ce ta iso.

Akwai wani labari da ba shi da Gizo ko Ƙoƙi. Wai a nan Paris, tun ana hawan keken doki, wani malami ya so ya ajiye wutar lantarki kamar yadda ake ajiye gero a rumbu. Ya naɗe fallen dalma biyu, ya tsoma su cikin tulun ruwa mai cin fata, wuta kuwa ta zauna. Sai dai kafin tulun ya koyi riƙe ta, watanni sun shuɗe. Daga baya wani ya kwaɓa jar dalma kamar ƙullu, ya shafe fallayen da ita, ya rufe su a akwatin katako da mota za ta iya ɗauka.

"Shi ya shafa na farko," in ji ta. "Sauran fa, wa ya shafa?"

Zuwaira ta ce aljanu ne. Hajiya ba ta yi dariya ba.

"Mutane ne, ƴar nan. Da hannu."

Nan take tsayawa kullum, ni kuma in ji haushi, don labarin bai ƙare yadda tatsuniya take ƙarewa ba.

Sai da na tafi Lyon karatu, bayan rasuwarta, gwaggona ta faɗa mini sauran. Kakanmu Malam Isufu ya yi shekaru a wata izini, wato masana'antar batiri, a bayan garin Paris, yana shafa dalma. Shi ya kawo labarin gida, yana alfahari da shi. A hankali dalmar ta shiga jikinsa, ciwon ciki ya kama shi, hannuwansa suka saki, har kofin shayi sai Hajiya ta riƙe masa. Ya rasu kafin a haife ni.

Na daɗe ina tunanin me ya hana ta faɗa mana kai tsaye. Yanzu ina ganin ba ta so mu san shi a majinyaci. Ta ba mu aikin da yake so, ta bar mana tambaya ɗaya, ta jira mu girma.