Darasin Koriyar Fitila

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da 'yan aji biyu, kuma ba ta taɓa shiga aji yara ba su miƙe mata ba. Da ta yi ritaya, sai ta roƙi ƙaninta, mai facin taya, ya ara mata ɗakin da yake tara tsofaffin tayoyi. Ta share, ta sa benci huɗu, ta shafa baƙin fenti a bango. Ta ce makaranta ce kyauta, ta yaran da ke wanke gilashin motoci a mahaɗar titi, waɗanda yawancinsu ƙarƙashin gada suke kwana.

Ƙanin ya ba ta wata guda. In babu ɗalibi, tayoyinsa za su koma ɗakinsu.

Ta sa darasi ƙarfe takwas na safe, don a saninta lokacin ake fara karatu. Mako uku tana zuwa da alli da rajista da jar biro, ko yaro ɗaya bai leƙo ba.

"Yaya, yau ma bencinki sun yi ladabi," in ji ƙanin, yana tsoma tib cikin ruwa. "Ban ji surutun kowa ba."

"Kai dai ji da facinka."

"Ni fa na san ki. Ba yaran nan kike nema ba. Masu miƙewa su ce miki ina kwana kike nema."

Abin da ya ƙona mata rai shi ne ba ƙarya ya yi duka ba. Tun da ta bar aiki, takan dakata a ƙofar ɗakinta na gida, kamar mai jiran ƙarar benci.

Washegari ta tafi mahaɗar da niyyar faɗa. A kan simintin da ya raba titin biyu ta tarar da wata yarinya da ake kira Gajera, zaune kusa da bokiti da soso.

"Ke, me ya hana ku zuwa?"

"Ƙarfe takwas, Mama? Lokacin ne motoci suka fi yawa. In na matsa, wani ya gaje wurina. Kuma ai…"

Fitilar ba da hannu ta yi ja, motoci suka tsaya. Yarinyar ta suri soso ta faɗa cikin motocin, ta bar Malama da baki buɗe. Ba a taɓa yi mata haka ba. Har ta juya za ta tafi, sai fitila ta yi kore, motoci suka wuce, yaran duka suka dawo suka zube a simintin. Malama ta dubi agogonta. Minti ɗaya da rabi suna zaune ba aikin komai, kafin ja ta sake kamawa.

Da fitilar ta sake yin kore, ta ciro alli ta durƙusa, gwiwarta na ƙara, ta zana harafin farko na sunan Gajera.

"Wannan naki ne. Kwaikwaya, kafin ta yi ja."

Saura kwana biyar wata ya cika ta miƙa wa ƙaninta makulli.

"Kin haƙura ke nan, Yaya?"

"Na ƙaura. Ba ni tsohuwar taya ɗaya, zan riƙa zama."

Shekara biyu ke nan tana koyarwa a simintin mahaɗar. Ɗalibanta tara, wani lokaci biyar. Ba mai gaishe ta sai ya ga dama, kuma sau arba'in a safiya ɗaya za su watse tana tsakiyar magana. Ta koyi riƙe sauran maganar a baki. Ko hakan ya daina yi mata ciwo, ita ta sani. Jar biron dai ta bar ta a gida.

A makon jiya ta hango Gajera ta rubuta sunanta da yatsa a kumfar gilashin wata mota, sannan ta goge, direban na yi mata hon. Malama ba ta tafa ba. Ta share simintin da tafin hannu, ta gyara riƙon allinta, ta zuba wa fitilar ido.